Idan Google ya tura shagonka baya, ga abin da za ka fara yi

Mai shago a intanet ba ya samun sanarwa ranar da Google ya sauke shi. Jiya idan aka rubuta "turaren wuta na Maiduguri" kana cikin ukun farko, yau kana shafi na biyu, inda kusan ba mai leƙawa. Sai dai ka ga waya ta yi shiru. Ni ke kula da shafin yayata mai sayar da turaren wuta da humra a Kano, kuma na ga yadda hakan ke taɓa ciniki, kamar a ɗauke rumfarka daga bakin hanya a Kantin Kwari a kai ta can cikin lungu.

Da farko, kada ka taɓa komai. Google na sauya tsarin jera sakamakon bincike sau da yawa a shekara, kuma yana sanar da manyan sauye-sauyen a shafinsa na Search Status Dashboard. Duba ko ranar da cinikinka ya ja baya ta zo daidai da ɗaya daga cikinsu. Galibi sauyin kan ɗauki kusan mako biyu kafin ya zauna, amma na Maris 2024 sai da ya kwashe kwana 45. A wannan tsakanin matsayi kan yi sama ya yi ƙasa, wanda ya shiga goge-goge ba zai ma san me ya gyara ba, me ya ɓata. Google da kansa yana cewa a jira mako guda bayan an kammala kafin a yi hukunci.

Daga nan ka buɗe Google Search Console, wato shafin da Google ke nuna maka matsayin shagonka a bincike da yawan masu danna shi. Kyauta ne, kuma yana ajiye bayanan wata 16. Kwatanta makonnin nan da irinsu na bara, domin kayanmu suna da lokaci: turare na tashi gab da Sallah da lokacin bukukuwa, ya kwanta bayansu, wannan kuwa ba laifin Google ba ne. A nan nake so ka daɗe. Wane shafi ne ya faɗi, kuma a kan wace kalma? Idan daga matsayi na biyu ka koma na huɗu, ƙaramin abu ne, bar shi. Idan daga na huɗu ka koma na talatin, akwai aiki. Idan kuma matsayinka na nan amma masu dannawa sun ragu, wataƙila amsar da Google ke rubutawa da kansa a saman shafi ce ta tare su. Ya fara wannan a Amurka a Mayu 2024, kafin ƙarshen shekarar ya kai ta ƙasashe sama da 100.

Gyaran da na fi yarda da shi shi ne ka rubuta abin da ba mai iya rubutawa sai wanda kayan ke hannunsa. A shafin yayata mun sa hotunan da muka ɗauka da kanmu, mun faɗi nauyin kowace kwalba, da yadda ake turara kaya a kan kabbasa, da kwanakin da saƙo ke yi kafin ya isa Abuja ko Maraɗi. Bayanin da aka kwafo daga wani shago, cire shi. Sannan ka gwada shafin a ƙaramar waya mai ƙarancin data, don da ita masu sayenka ke shigowa.

Masu cewa ka biya su mayar da kai na ɗaya cikin mako guda, ka guje su. Yawanci mahaɗan bogi suke saya, wato links daga wasu shafuka masu nuni zuwa naka, kuma tun 2012 Google ke farautar irin wannan.

Sai dai gaskiya, wani lokaci ka yi komai daidai kuma ba ka dawo ba. HouseFresh, ƙaramin shafi mai gwada na'urorin tace iska da hannunsa, ya ce a 2024 ya rasa kashi 91 cikin 100 na masu zuwa masa ta Google, manyan mujallu suka haye kansa. Abin yana min ciwo, domin ƙananan ne ba su da jarin jira.

Saboda haka tun yau ka cike Google Business Profile, wato bayanan shagonka da ke fitowa a binciken Google da taswirarsa, da adireshi da lokutan buɗewa, ka roƙi waɗanda suka ji daɗin kaya su rubuta ra'ayinsu. Duk wanda ya saya kuma, ka nemi izininsa ka ajiye lambarsa a WhatsApp Business, ka riƙa sanar da shi idan sabon kaya ya iso.