Babi na Bakwai: Karanta Allon Bakin Teku Kafin Yara Su Shiga Ruwa

Darasi na ɗaya

Ku ajiye fensir tukuna, ku saurara. Duk wanda ya kwashi iyalinsa zuwa hutu a bakin teku zai ga abu ɗaya: yara na hango ruwa za su fizge hannu su ruga. Ku kira su su dawo kusa da ku. A yawancin wuraren da aka tanada don shaƙatawa akwai allo a bakin shiga, kuma sai kun karanta shi za ku shimfiɗa tabarma.

Ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya kamar na tafki. Yana cikowa ya haye rairayi, sannan ya janye. Wata ne yake jan sa, rana tana taya shi. A yawancin gaɓar teku ruwan yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da kusan minti 50. Saboda minti 50 ɗin nan, lokacin cikar yau ba shi ne na gobe ba, kullum yana ƙara jinkiri. Shi ya sa ake rubuta jadawali. Ga misalin kwana ɗaya, ku kwafe shi a littafinku:

02:10, mita 4.1
08:20, mita 0.8
14:35, mita 4.2
20:45, mita 0.7

Ku ɗora yatsa a layi na farko. Lambobin hagu lokaci ne. Ɗigo biyun da ke tsakiya su ne suka raba awa da minti, awa a hagu, minti a dama. Sifirin da ke gaban 02 ba a karanta shi, ƙarfe 2 ne kawai. Lambar da ke bayan kalmar mita tsayin ruwa ce. Babbar lamba, ruwa ya cika. Ƙaramar lamba, ruwa ya janye. Ko da ba ku jin harshen da aka rubuta allon da shi, lambobin nan za su gaya muku abin da kuke nema. Madalla. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya a ajin nan, gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na biyu

Yanzu ku sauko layi na uku, 14:35. A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Agogon bango yana tsayawa a 12 ya sake farawa. Agogon jadawali ba ya tsayawa, yana ci gaba: 13, 14, 15, har 23. Idan lambar awa ta wuce 12, ku cire 12 daga cikinta. Abin da ya rage shi ne ƙarfen da kuka sani, na rana ko na dare.

Akwai wani dattijo da na koyar, mai ƙoƙari ƙwarai, rubutunsa tsaf. Na rubuta 14:35 a allo na ce, "Baba, ƙarfe nawa?" Sai ya miƙe, ya sa babban yatsansa ya rufe lambar 1, ya ce, "Malam, ai ga shi nan, ƙarfe huɗu da minti talatin da biyar." Na ce, "Baba, ɗage yatsan nan, mu ƙirga tare." Muka ƙirga a hannunsa: bayan 12 sai 13, ƙarfe ɗaya ke nan, sai 14, ƙarfe biyu. Ya yi shiru ya daɗe yana kallon yatsunsa biyu. Ba shi kaɗai ba ne, ido ne yake son jefar da lambar farko. Kada ku rufe 1. Ku cire 12.

Mu yi tare da babbar murya. 14 a cire 12, saura 2. Don haka 14:35 ƙarfe 2 da minti 35 ne na rana. 13:00, a cire 12, ƙarfe 1 na rana, ba ƙarfe 3 ba. 15:10, a cire 12, ƙarfe 3 da minti 10, ba ƙarfe 5 ba. To ina ƙarfe 4 na gaskiya? Shi ne 16:00. Ku rubuta 14:00 da 16:00 gefe da gefe, ku dube su da kyau. Na farko biyu, na biyu huɗu. Layin ƙarshe kuma, 20:45, a cire 12, ƙarfe 8 da minti 45 na dare. Minti ba a taɓa shi, awa kawai ake cirewa. Idan lambar ba ta wuce 12 ba, kamar 08:20 ko 12:30, ku bar ta yadda take.

Ga dalilin da ya sa nake nanatawa. Idan ruwa ya janye, fili ne yake buɗewa, rairayi mai faɗi da duwatsu masu ƙananan kududdufai, yara su yi nisa suna tsintar kwanso suna bin ƙaguwa. Daga 08:20 ruwan ya riga ya fara dawowa, a hankali da farko, sannan da sauri a tsakiyar lokacin. Kuma ba lallai ya zo ta gabanku ba. Yakan fara cika kwaruruka ta bayanku, kafin ku ankara kuna tsaye kan tsibirin yashi da yaro a kowane hannu. A 2004, a mashigin tekun Morecambe na Ingila, cikowar ruwa ta rutsa da masu haƙar kwanso da dare, mutum fiye da 20 suka rasu, kuma manya ne. Uban da ya karanta 14:35 a matsayin ƙarfe huɗu ya ba kansa awa biyu da teku bai ba shi ba.

Makon jiya na ba da lambobi goma a yi a gida. Wasu sun dawo da shafi fari fat, wasu sun kwafi na maƙwabcinsu har da kuskuren. Wannan bai dace ba. Ba ni za ku ruɗa ba, kuma ranar da kuke bakin ruwa maƙwabcin ba ya nan. Na ce a cire 12, na sake faɗa, amma har yau ina ganin yatsa a kan lambar 1. Ku sake yi yanzu: 14:05, 17:30, 13:50, 19:15, 14:40. Ku rubuta "a cire 12" a gefen kowace ɗaya kafin ku ba da amsa. Ku kuma duba kwanan watan da ke saman jadawali, kada ku karanta na jiya. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwa ya fi hawa sama, ya fi janyewa nesa.

Darasi na uku

Tutoci. Tuta mai ja a sama da ruwan ɗorawa a ƙasa, idan an kafa biyu, tsakaninsu ne masu ceto suke sa ido, nan za ku yi wanka. Ja zalla, kada kowa ya shiga. Wasu ƙasashe suna da ƙarin launuka, ku tambayi mai ceto. Idan ruwa ya fizgi mutum yana jan sa ciki, kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu ɗaya, ya yi kira.

Darasi na huɗu

Ku rubuta sunan yaro da lambar wayarku a ɗan kati, ku sa a leda, ku ɗaura masa a hannu. Ku karanta lambar sau biyu, ana yawan tsallake guda. Ƙaramin yaro a cikin ruwa ya kasance inda hannunku zai kai gare shi. Yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu.

Darasi na biyar

A jikin kwalbar man kare fata daga rana ku nemi haruffa uku, SPF, da lamba 30 ko sama. A sake shafawa bayan awa biyu da bayan wanka. Jaririn da bai kai wata 6 ba ya zauna a inuwa.

Aikin gida: 14:20, 15:45, 18:00. A cire 12.