Kurakuran da masu manyan karnuka ke yi wajen ba su abin tauna

Kusan duk mako sai an kira ni a kan magana ɗaya. Mutum ya sayi ɗan kwikwiyon Boerboel ko Rottweiler don gadin gida, kafin wata takwas kare ya zama ƙato, ya cinye tiyon ban ruwa, ya yage kujerar babur, ya ɓantare ƙasan ƙofar gareji. Sai maigida ya ɗauko waya: "Malam, wane abu ne mafi tauri da zan saya masa, wanda ba zai iya fasawa ba?" Wannan tambayar ita ce kuskuren farko. Ni ma na taɓa yin ta, kuma jiki ya gaya min. Na gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da Duna, baƙin Rottweiler ɗina. Ba abin wasan da ke kwana biyu a bakinsa. Ran nan na je kwata na ce wa mahauci ya ba ni ƙashin ƙafar sa, irin mai kaurin nan da ke ɗauke da nauyin bijimi gaba ɗaya. Duna ya yi mako uku yana gwaguya, ƙashi ko gezau. Na riƙa yi wa abokai alfahari cewa na gano maganin ɓarna, kuma a araha. Daga baya na lura yana tauna abinci da gefe ɗaya, in ya ɗauki ƙashin sai ya sake shi ya tsaya yana kallo. Ban damu ba tunda yana ci. Sai da ƙasan idonsa na dama ya kumbura, na ɗauka kunama ce ko rina, sannan na kai shi asibitin dabbobi. Likita ko kallon idon bai yi ba, leɓe ya ɗaga. Babban haƙorin nan na sama da ke can gefe, wanda kare ke datse nama da shi kamar almakashi, ɓari guda ya ɓalle daga jikinsa, jijiyar ciki a buɗe, ruɓa ta bi saiwa ta taru a ƙarƙashin ido. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, me kake ba shi yana tauna?" Da na faɗa masa, bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza. Haƙorin nan saiwa uku gare shi, cire shi sai da allurar barci da aikin tiyata sosai. Babban kare haƙora 42 ne a bakinsa, in ɗaya ya tafi ba ya sake tsirowa, kuma wanda ya fi yi masa aiki shi Duna ya rasa saboda wayona.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙorin kare bai kai na mutum kauri ba, alhali ƙarfin muƙamuƙinsa ya ninka namu. In ka haɗa wannan ƙarfi da abin da ba ya lotsawa, dole ɗaya ya ba da kai. In ƙashi bai fashe ba, haƙori ne zai fashe. Kuma kare ba ya kuka da ciwon haƙori, ci gaba yake da cin abincinsa, kai kuma kana ganin lafiya lau.

Akwai masu ce min, to ai kura ƙashi take fasawa. Kura ce ka ajiye a gidanka? Haƙoran kura da muƙamuƙinta an halicce su ne don wannan aiki, kuma ko namun dajin ma ana samun su da karyayyun haƙora, babu dai mai kai su asibiti ne.

Gwajin da likitocin haƙoran dabbobi ke bayarwa mai sauƙi ne: danna farcen babban yatsanka a jikin abin, in bai yi alama ba ya yi tauri da yawa. Ni na fi son ɗaya gwajin: duk abin da ba za ka yarda a ƙwala maka a gwiwa ba, kada ka miƙa wa kare. Da wannan ma'auni ƙahon barewar Turai da ake shigowa da shi a leda mai sheƙi ya faɗi, kofaton shanu ya faɗi, ƙaho ya faɗi, ƙashin nailon mai tauri ya faɗi, ƙwallon goruba ma haka. Tsadar abu ko rubutun Turancin da ke jikin ledar ba sa canza komai.

Kuskure na biyu shi ya kusa kashe min karyata Giwa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin damina ne, lokacin sabuwar masara. Gida cike da baƙi, ana ta suya, yara na gasa masara a bakin murhu. Duk wanda ya gama da ƙashi sai ya wurga wa Giwa, wai ita ma ta yi sallah. Washegari ta fara amai. Baba maigadi ya ce, "Yallaɓai, maiƙo ne ya yi mata yawa, a ɗura mata manja za ta ware." Na biye masa. Kwana biyu muna ɗura manja, tana amayar da shi, ko ruwa ba ya zama a cikinta, tana ta yunƙurin kashi ba abin da ke fita. Ran na uku ta kwanta ta ƙi tashi. Da aka buɗe cikin, guntun totuwar masara aka samu ya toshe hanji kamar murfin kwalba, ga tsinka-tsinkan ƙashin haƙarƙarin rago a bayansa. Sai da aka yanke wani sashe na hanjin da ya riga ya mutu. Kuɗin da na kashe ya fi na ragon da na yanka. Giwa ta rayu, amma likita ya ce da mun ƙara kwana ɗaya, gawa za mu ɗauka.

Laifin nawa ne, ba na Baba ba, domin ni ne mai kare. Amma ku ji ni da kyau, ku masu cewa tun kaka da kakanni ƙashi ake ba kare: ƙashin da ya ga wuta ya tashi daga ƙashin da kuka sani. Dafaffe, soyayye, gasasshe, na farfesu, na balangu, duk wuta ta busar da shi, in kare ya datsa sai ya tarwatse kamar fasasshiyar kwalba. Na kaza da na zabo sun fi kowanne sharri. Ƙaramin karen unguwa yana zama ya gwaguya a hankali, shi kuwa ƙaton da ya haura kilo 50 datsa biyu yake yi ya haɗiye. Totuwa kuma ba ta narkewa a ciki ko kaɗan, sau da yawa ma ba ta fitowa sosai a hoton asibiti. Ƙwallon mangwaro haka yake, kuma wanda ke da bishiyar mangwaro a gida ya san yadda suke zuba a tsakar gida da bazara. Tsinken tsire kuwa, da ƙamshin nama a jikinsa, yana iya huda ciki ya fita.

Manja ba ya buɗe hanjin da ya toshe, lokaci kawai yake cinye maka. Kare mai amai a kai a kai, ya ƙi abinci, yana yunƙuri ba ya kashi, ko ka taɓa cikinsa ya yi ƙara, asibiti za ka nufa a ranar. In garinku babu inda ake ɗaukar hoto, jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Kada kuma ka ce na kanti ya fi aminci. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a a kan ƙasusuwan da ake gasawa ko a yi musu hayaƙi a sayar a leda a matsayin abin taunar kare, bayan rahotannin shaƙewa da toshewar hanji da mutuwar karnuka sun yi ta zuwa mata. Irinsu ne nake gani yanzu a rataye a shagunan kayan dabbobi na Abuja da Kaduna.

Wasu in sun ji wannan sai su koma wa farar fatar nan da ake naɗewa a ƙulle kamar ƙashi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Fatar shanu ce da aka wanke da sinadarai aka busar. Ƙaramin kare yana lasa yana ci kaɗan-kaɗan, babba kuwa jiƙa ta yake da yawu ya yage ƙullin ya haɗiye, ta je ta kumbura a maƙogwaro ko a ciki. Busasshiyar ganda ta kasuwa ma ban yarda da ita ba, balle wadda aka babbake da taya.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganinsu kullum. Ƙwallon tanis: gashin jikinsa na riƙe yashi ya goge haƙori kamar sanfefa, kuma girmansa daidai maƙogwaron Boerboel. Duk ƙwallon da zai shige bakin kare gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta. Tsohuwar tayar mota akwai waya a cikinta. Tsohon silifa: ka koya masa cin takalmi ke nan, ba zai bambance shi da na baƙonka ba. Igiyar ja-in-ja a yi wasa da ita a ɗauke, domin zaren da ya haɗiye yana tattare hanji ya yanka shi, in kuma ka ga zare na leƙowa ta bayansa kada ka ja. Ƙashin ɓargo da aka yanka kamar zobe yana maƙalewa a muƙamuƙin ƙasa, sai an sa zarto. Itace yana tsagewa ya kafe a ganɗar baki. Ragowar tsire da albasa a kai, albasa na lalata jinin kare. Goro ma kada a bari a inda zai kai, abin da ke hana ka barci a cikinsa guba ne gare shi. Huhu ko hantar da mahauci ya yar saboda ƙulluttan ruwa a jiki, kada ka karɓa wai na kare ne, tsutsar ciki ce da ke dawowa kan mutanen gida.

To me nake ba nawa? Roba mai kauri wadda ke lotsawa ta dawo. Wadda na fi amfani da ita KONG ce, kuma asalinta ma labarin irin matsalarmu ne. Wani Ba'amurke mai suna Joe Markham yana da karen Jamus, irin wanda muke kira karen 'yan sanda, sunansa Fritz, mai taunar duwatsu har haƙoransa suka fara lalacewa. Wata rana yana gyaran wata mota Volkswagen, sai karen ya kama wata roba da aka ciro daga ƙarƙashin motar ya manta da duwatsu. Daga nan aka fara ƙera ta a shekarun 1970. Ja ta gama-gari ce, baƙa ita ce ta masu ƙarfin baki. Sayi baƙa, kuma in kana shakkar girma ɗauki wadda ta fi girma. Jabu sun cika kasuwa, ana gane su da rashin nauyi da warin taya, kuma farce na iya ɓantarar su. Araha ba ta ado.

Kuskuren da ake yi da ita shi ne a jefa wa kare ita haka nan ba komai a ciki, ya shinshina ya tafi, a ce kuɗi sun tafi a banza. Ramin da ke cikinta na abinci ne. Ni nakan jiƙa abincinsu na buhu da romon da ba gishiri ba albasa, in cusa, in toshe bakin da ɗan tunkuza, in akwai wuta in sa a firiza ya daskare. Da zafin watan Afrilu wannan na riƙe Giwa kusan rabin awa, ta gama ta kwanta. In man gyaɗar kwalba na waje za ka sa, karanta jikinsa, in ka ga an rubuta xylitol, wani sinadarin zaƙi, ajiye shi, kisa yake. Robar nan uku gare ni, ina juya su, domin abin da kare ke gani kullum a ƙasa ya daina burge shi.

Game da ɗanyen ƙashi, likitoci da yawa cewa suke a bar shi gaba ɗaya, kuma ba na musu da su. Ni dai nakan ba da maƙogwaron shanu ko guringuntsin ƙirji mai nama a jiki, sabo daga kwata da safe, ina zaune ina kallo, bayan minti 15 in ɗauke in yar. A zafin ƙasar nan nama ba ya jira, kuma karnuka biyu ba a ba su wuri ɗaya, faɗa ne. Babban karas mai sanyi ma yana aiki, musamman ga kwikwiyo mai famfara, tsakanin wata 4 zuwa 7, lokacin da dasashi ke masa ƙaiƙayi.

Wani abu da masu kira na ba sa son ji: yawancin karnukan nan da ake cewa maɓarnata ne, ɗaurarru ne. An kulle ƙato a keji tun asuba har ƙarfe goma na dare, ba tafiya, ba wasa, ba mai yi masa magana, sannan a yi mamaki don ya cinye ƙofar kejin. Na ga karen da fiƙoƙinsa suka goge saboda taunar ƙarfen keji. Karen mafarauci da ya wuni a daji ka taɓa ganin ya dawo yana cin tabarma? Tun da na fara fita da nawa bayan sallar asuba, tafiyar minti 40 kafin rana ta yi zafi, ɓarnar ta ragu fiye da yadda duk wata roba ta rage ta.

Baƙar robar ma tana ƙarewa. Duk Juma'a nakan tattara su in wanke da ruwan zafi, in lanƙwasa kowace in duba. Wadda ta tsage ko wani yanki ya fita daga jikinta sai shara, kuma sharar waje, don Duna ya taɓa tono wata daga kwandon tsakar gida. Daga nan in ɗaga leɓen kowannensu in duba manyan haƙoran gefe, in shinshina bakin. Wanda bai saba wa karensa da taɓa baki tun yana kwikwiyo ba, kada ya fara gwadawa a kan ƙato mai shekara uku, ya bar wa likita ranar allurar haukan kare ta shekara.