Yadda ake zaɓar kwarashin da ba zai gajiyar da hannu ba

Ni dai ban taɓa sanin kwarashi yana iya hana mutum barci ba sai da wata maƙwabciyarmu a nan Agege ta haihu, yayarta ta kawo min aikin bargon jariri da hula da safa tace dan Allah Anti kafin ranar suna, kinga kwana bakwai kenan babu ƙari, na zauna da ɗan siririn kwarashina na alminiyam irin mai kai biyu ɗin nan ina ta saƙa dare da rana, a rana ta huɗu ko murfin kwalbar man gyaɗa na kasa buɗewa, babban yatsa ya sage, wuyan hannu kamar ana soka min allura. Da farko na ɗora laifin akan wanki. Ashe kwarashin ne, ɗaya kan nasa yana ta sukar tafin hannuna ni kuma ina ƙara damƙe shi saboda santsi. To tun daga nan na daina sayen kwarashi da ido kawai, ga yadda nake yi.

Mataki na farko tun kafin ki fita kasuwa, ki duba yadda kike riƙe shi. Ɗauki wanda kike da shi ki fara sarƙa kamar yadda kika saba, kar ki gyara komai, sai ki kalli hannunki. Riƙo iri biyu ne, akwai mai riƙewa kamar biro, ƙotar tana sama tsakanin babban yatsa da manuniya, akwai kuma mai riƙewa kamar wuƙar yanka albasa, tafin hannu ya rufe ƙotar. Babu wanda yafi wani, amma abinda zai yiwa kowa daɗi daban ne. Mai riƙon wuƙa tana son ƙota mai kauri wadda zata cika mata hannu kuma doguwa yadda ƙarshenta zai wuce tafin hannu, in ya tsaya a tsakiya shi ne zai dinga sukarki har kanta ta fito. Mai riƙon biro kuma ƙota mai nauyi cutarta take yi don tana rinjayar kan kwarashin baya, gara mata marar nauyi mai ɗan faɗi a wurin da yatsa yake zama. Yawancin kwarashi tsawonsa wajen santimita 14 zuwa 15 ne, in hannunki babba ne ki auna da rula tun a gida ki san abinda kike nema.

Na biyu, ki san zaren da zaki yi aiki da shi da lambar da ta dace da shi. Rabin ciwon hannun da muke yi ma daga nan yake fitowa, zare mai kauri da ƙaramin kwarashi, kina ta kokawa ki cusa shi cikin idon saƙa. In zaren yana da takarda a jiki ki duba, akwai ɗan hoton kwarashi da lamba a gefe. Zaren ulu na roba irin na kayan jarirai yawanci 3 zuwa 4 milimita yana masa kyau, mai kauri na bargo 5 ko 5.5 ko 6, siririn zaren auduga na leshi da bakin mayafi kuma sai na ƙarfe wanda bai kai milimita 2 ba. Amma lambar nan akwai rikici a cikinta wlh, don kowace ƙasa da nata lissafin. Na Amurka harafi suke sawa, H shi ne milimita 5, I kuma 5.5, J kuma 6. Waɗanda ake rubuta musu 5/0 ko 7/0 lissafin Japan ne, 5/0 milimita 3 ne, 6/0 kuma 3.5, 7/0 kuma 4, 8/0 kuma 5, saboda haka in kika ga 5/0 kar ki ɗauka milimita 5 ne, ni na taɓa yin wannan kuskuren hula ta fito ko kan 'yar tsana bazata shiga ba. Su kuma ƙananan na ƙarfe abin a juye yake, lamba tana ƙara girma kwarashin yana ƙara ƙanƙanta. Mafita dai ki riƙe milimita, duk abinda mai shago ya faɗa miki ki ce ya nuna miki inda aka rubuta mm.

Na uku shi ne zaɓar abinda aka yi shi da shi, kuma anan yanayin Legas yana da ta cewa. Na alminiyam yana da santsi, zare yana gudu a kansa, baya tsatsa, amma in zallarsa ne ba ƙota to siriri ne sosai kuma da gumi ya taso (mu da ake ɗauke wuta fanka ta tsaya) sai ya fara zamewa ki ƙara matse shi, daga nan ciwo. Na gora ko katako bashi da nauyi kuma yana ɗan riƙe zare, yana da daɗi da zare mai sulɓi, sai dai ƙananansa suna karyewa kuma in ya sha laima zai iya yin kaushi. Na roba zalla a manyan lambobi yake da amfani, kamar milimita 8 zuwa sama, na jaka da tabarmar ƙofa, don na ƙarfe mai wannan girman nauyi zai yi, amma roba da zaren roba in suka haɗu wani ƙara suke yi ƙii ƙii kuma zaren baya tafiya. Na ƙarfe kuwa in marar kyau ne damina ɗaya ta isa ya yi tsatsa ya ɓata miki farin zare. Ni abinda na tsaya a kai shi ne kan alminiyam da ƙotar roba mai laushi.

Na huɗu, ki kalli kan nasa da kyau, nan ne mutane basa kula. Akwai wanda kansa daidai yake da jikinsa kamar an yanka sanda aka fafe ta, bakinsa mai zurfi, irin na kamfanin Susan Bates kenan. Akwai kuma wanda wuyansa yake sirancewa sannan kan ya ɗan fito a zagaye, irin na kamfanin Boye. Mai zurfin yana kama zare gam baya sakinsa kuma idanun saƙa suna fitowa daidai wa daida, amma wani lokaci yana tsaga zare. Mai sirantaccen wuya yafi sauri wajen shiga da fita, sai dai in ke mai matse saƙa ce idon zai dinga zama a wuyan ya ƙara tsukewa, ki zo layi na gaba ki rasa ta inda zaki shiga. In kin san saƙarki tana yin tauri kamar faifai to gwada mai zurfin, ko ki ƙara rabin milimita akan lambar da kika saba. Sannan ki duba tazarar dake tsakanin kan da inda ƙota ta fara, wasu masu ƙotar roba gajeru ne a wurin, in zaki yi ɗinkin da ake naɗa zare sau uku ko huɗu sai ki ga babu wurin da zai zauna.

Na biyar, gwaji a gaban mai shago. In zaki shiga kasuwar Balogun ko Idumota ko Tejuosho ta Yaba wajen masu kayan ɗinki, ki jefa ɗan guntun zarenki a jaka. Ki ce Oga ko Mama bari in gwada guda ɗaya, yawanci basa hanawa in sun ga da gaske saye zaki yi. Ki fara shafa kan a bayan hannunki, sannan ki goga shi a gefen tsohuwar safa ko bakin hijabi ta ciki, in ya kama ko zare ɗaya ya ja to ajiye shi, wannan ɗan kaushin shi zai dinga tsaga miki zare. Daga nan ki yi sarƙa kamar 20 ki dawo layi ɗaya, ki lura ko kina jin kanki kina matsewa, ki duba ko farcen babban yatsanki yayi fari don wannan alamar kina danna shi da ƙarfi ne. Sai ki riƙe ƙarfen da hannu ɗaya ki murɗa ƙotar da ɗayan, in ta juya ko ta zame to ba'a manne ta da kyau ba. Na taɓa sayen saiti guda mai kala-kala a wani shago cikin jaka mai zif, kyau kamar me, sati biyu ƙotar wanda nafi amfani da shi ta fara fita kamar hular biro, wani kuma robarsa ta fara danƙo saboda zafi tana kwasar gashin zare. Ki shinshina ma, in robar tana warin taya ki barta.

Shi yasa nake cewa kar ki fara da saiti. Sayi guda ɗaya a lambar da kika fi amfani da ita, in ya zauna miki a hannu bayan sati sai ki ƙaro 'yan uwansa. Masu suna irinsu Clover Amour da Tulip Etimo duk 'yan Japan ne, akwai Addi Swing na Jamus mai lanƙwasasshiyar ƙota wanda yafi dacewa da masu riƙon wuƙa, suna da tsada gaskiya, guda ɗaya zai iya fin kuɗin saiti guda na kasuwa, amma in sana'a kike yi da shi kullum to lamba biyu ko uku ne kawai kike juyawa ai. In ta intanet zaki saya tunda ba halin gwadawa ki tambayi tsawonsa da milimitarsa kafin ki tura kuɗi.

In kuma babu halin sabo yanzu, wanda ke hannunki ma ana gyara shi. Ki samu robar ɗaure kuɗi kamar guda 5 ko 6 ki naɗe a wurin riƙo, ko ki naɗa ɗan ƙyalle ki bi shi da filasta har yayi kaurin babban yatsanki, ko robar nan da ake sakawa fensirin yara 'yan firamare. Mai kai biyu kuma ki toshe kan da ba kya amfani da shi da guntun soso. In kan yana da ɗan kaushi ki goge shi a hankali da abin gyaran farce mai laushi. Wata dattijuwa da ta koya min saƙa ita a gashin kanta take goga kwarashi in ya daina santsi, ɗan man kitson ya isa, kuma yana yi, kawai dai ki share shi kafin ki taɓa farin zare.

Kuma ko kin samu wanda yafi kowanne daɗi ki dinga ajiye shi duk bayan minti 20 ko rabin awa ki miƙe yatsu ki juya wuyan hannu, musamman masu saƙa a cikin danfo in go-slow ya riƙe su, mota tana jijjiga kina ƙara damƙewa baki sani ba. In kuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya suka fara mutuwa ko kina jin kamar tururuwa na yawo a ciki har yana tashinki cikin dare, wannan ya wuce maganar canza kwarashi, jijiya ce take matsuwa a wuyan hannu, ki ajiye saƙar ki je asibiti a duba. Na ƙarfen kuma in kin gama ki goge gumin da busasshen ƙyalle, ki sa su a gwangwani mai murfi tare da 'yar ƙaramar jakar nan mai tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.