Yadda Ake Buɗe wa Makaranta Shafin Intanet da Google Sites

Yawancin makarantunmu ta zauren WhatsApp suke isar wa iyaye saƙo. Sai dai sanarwar ranar komawa makaranta takan nutse cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki, uba ya zo nema ya rasa. Shafin makaranta yana maganin wannan, kuma ban da kuɗin data ba ka kashe ko sisi.

Fara da buɗe Gmail da sunan makarantar, kada ka yi amfani da naka. Nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Malami yakan sami canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, in ya tafi da kalmar sirri shafin ya zama maraya. Lambar wayar da za a haɗa da adireshin ta zama ta shugaban makaranta, kalmar sirri kuma mutum biyu su riƙe. Google na ba kowane asusu ma'ajiyar gigabait 15 kyauta, ta isa ta fara.

Daga nan sai ka nemi kwamfuta, domin gina shafin a waya wahala ce zalla. Shiga sites.google.com, zaɓi sabon shafi, rubuta sunan makaranta a sama, ka ɗora bajenta. Shafuka huɗu sun wadatar: sanarwa, jadawalin zango, ayyukan ɗalibai, da yadda za a same ku. Jadawalin kuwa, rubuta shi a Google Docs, manhajar rubutu ta Google, ka haɗa takardar kanta da shafin; duk gyaran da ka yi can zai bayyana nan da kansa.

Rage nauyin hotuna kafin ka ɗora su. Iyaye da ƙananan wayoyi za su buɗe, wasu a inda sabis ke yankewa.

Shafin ayyukan ɗalibai shi ya fi buƙatar lura. Insha'i, waƙa, rahoton ƙungiyar muhawara, duk sun dace, kuma yaro in ya ga rubutunsa a intanet yakan ƙara himma. Amma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yara. Saboda haka a raba takardar amincewa a taron iyaye da malamai, a sa sunan farko kawai. Sakamakon jarrabawa da lambar wayar ɗalibi kada su hau shafin ko kusa.

In ka gama, danna maɓallin Publish, ka zaɓi gajeren suna mai sauƙin faɗa, sannan ka buɗe shafin a wayarka ka ga yadda ya zauna. A ɗora wa malami ɗaya alhakin sabunta sanarwa duk mako, ya riƙa tura mahaɗin a zauren iyaye.

Makarantar da ke son adireshi nata na kanta za ta iya yin rajistar suna mai ƙarewa da .sch.ng wajen dillalan da NiRA, mai kula da rajistar sunayen intanet na Najeriya, ta amince da su. Wannan kam na kuɗi ne, kuma duk shekara ake sabunta shi.