Yadda Ake Ƙirƙiro Dabbar Kurmi Mai Jini Biyu a Labari

Masu koyon rubutun almara sukan ɗauko dabbobi biyu, su ɗora kan wannan a jikin waccan, su raɗa mata suna, wai sun gama. Da ka tambaye su me take ci, ina take kwana, sai su yi shiru.

Fara da zaɓen iyaye, kuma biyu sun isa. A Bavaria ta Jamus akwai wolpertinger, dabbar tatsuniya da ake zanawa da jikin zomo, ga ƙaho, ga fukafukai, ga fiƙoƙi. A ganina abin ya yi yawa. Jackalope na tatsuniyar Amurka, zomo mai ƙaho kawai, ya fi zama a ran mutane.

Sai mazauni, kuma a nan ake faɗuwa. Duk gaɓar da ka ƙara wa dabba, sai ta raba ta da wani abu. A ce kurege ne mai fukafukan mujiya. Fiffiken tsuntsu ai ƙafar gaba ce ta koma haka. In ka ba shi fiffike, da me zai riƙe ƙwaya ya ɓare? Da me zai haƙa rami? Dole ka tashe shi daga ƙasa, ka mai da shi kogon tsohuwar bishiya, ya riƙa danne abinci da ƙafar baya. Kurege ɗan rana ne, yawancin mujiyoyi kuwa dare ne nasu. Kada ka ba shi duka biyun. Ka sa ya fito da magariba da asuba, dokata ke nan. Haka zomo mai ƙaho, ƙunƙuntaccen rami ba zai ɗauke shi ba, sai dai ya laɓe a sarƙaƙiya.

Kuregen nan ciki ɗaya gare shi, ka tsai da abincinsa. Mujiya kan haɗiye ɓera ɗungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. Irin wannan alamar a gindin bishiya ta fi dogon bayani tasiri. Ba sai ka sayi littattafai ba, bidiyon dabbobi a intanet ya wadatar.

Kada ka manta da haihuwa. Alfadari, ɗan jaki da goɗiya, galibi ba ya haihuwa, don haka ka bayyana yadda taka dabbar ke yaɗuwa. Ka ba ta abokin gaba ɗaya, kuka iri ɗaya, suna kuma sai a ƙarshe.