Yadda na haɗa Littafin Farawa da darasin juyin halitta a jaka ɗaya

Ina shekara ta biyu a jami'ar KNUST da ke Kumasi malaminmu ya zana bishiyar dangantakar halittu a allo, ga mutum can a wani reshe kusa da birai. Na hau trotro, motar haya, zuwa Aboabo cikina ya ɗuri ruwa. Ni ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a coci, Mama kuwa ba ta kwanciya sai ta karanta Zabura. Idan kai ma wannan fargabar ta kama ka, ga hanyar da na bi.

Kada ka fara da biri, fara da abin da ke gidanku. Ƙanwata tana da sikila, mun sha kwana da ita a asibiti. Me ya sa ciwon ya yi yawa a ƙasashenmu? Mai AS, wanda ya gaji ƙwayar sikila ta ɓangare ɗaya kawai, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Anthony Allison ya nuna haka a 1954 a Gabashin Afirka. Inda zazzaɓi ke ɗauke yara, masu AS sun fi rayuwa su hayayyafa, sai ƙwayar ta yaɗu. Zaɓin da Darwin ya bayyana a 1859 ke nan, ga shi a cikin jinin gidanmu. Haka kulorokwin da muka sha muna yara, mai sa ƙaiƙayin nan: ƙwayar cutar zazzaɓin ta sauya, maganin ya daina kashe ta, har Ghana ta daina dogaro da shi a 2004. Batun biri kuwa, darasin bai ce biri ya haifi mutum ba, cewa ya yi tushenmu ɗaya tun can da nisa.

Sai ka zauna da biro ka karanta Farawa sura 1 da 2 a jere, a natse. Za ka ga sai rana ta huɗu aka halicci rana da wata, alhali an riga an yi maraice da safiya sau uku. Ogastin na Hippo, babban malamin coci, ɗan Afirka ne daga inda Aljeriya take yau, ya yi ta nazarin wannan fiye da shekara 1,400 kafin littafin Darwin. Ni abin da na fahimta, nassin yana gaya mini Wanda ya yi da dalilin yin, ɗakin gwaji kuma yana bin sawun yadda aka yi.

A jarrabawa, amsa abin da aka tambaye ka. Takardar ba wurin wa'azi ba ce.

A gida kuma, kada ka tayar da zancen ana cin tuwo. Na gwada, Mama ta ajiye lomarta ta ce, "To, kuɗin makarantar na birai muke biya?" Sai bayan mako guda, muna tsintar wake, na ba ta labarin Mendel, fada ne a gidan sufaye, wanda ya gano dokokin gado da irin wakensu na Turawa. Wannan ya fi shiga kunnenta.

Akwai inda har yau nake cije. Romawa 5:12 ta ce mutuwa ta shigo ta dalilin zunubi, ƙasusuwan da ke cikin duwatsu kuwa sun girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Na kai wa fastonmu tambayar, ya yi shiru, ya ce in dawo ranar Laraba bayan addu'a in zo da littafin ajin.