Yadda za ka tsira da atendans ɗinka a Law School ta Legas

Duk shekara in aka fitar da sunayen masu shiga Law School, makarantar horar da lauyoyi bayan jami'a, sai ƙannenmu daga Kano da Zariya da Sakkwato su fara kira, Yaya an turo ni Legas ya zan yi, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Makarantar tana Victoria Island, kuma ita ce uwar sauran rassan, a Legas aka fara a 1963 a titin Igbosere da ɗalibai 8 kacal kafin a mayar da hedikwata Bwari ta Abuja a 1997. Tarihi kenan, abin da ya dame ka shi ne yatsanka.

Eh yatsa. Ba a yin atendans irin na jami'a da aboki zai sa maka hannu kana kwance a ɗaki, na'ura ce kake dangwala mata yatsa, ka dangwala da safe ka sake dangwalawa in an tashi, kuma sai ka kai kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarabawar ƙarshe. Yi lissafin da kanka tun ranar farko. Lakca sati 20 ce, kwana 5 a sati, kusan kwana 100 kenan, ka ga abin da kake da shi na fashi bai wuce kwana 25 ba. Da jin 25 sai mutum ya ce ai da yawa, wallahi ba yawa. Zazzaɓi zai ci nasa, in aka yi rasuwa a gida dole ka je, ga bikin da Hajiya za ta ce in ba ka zo ba kar ka sake kiranta, kuma daga Legas zuwa Kano a mota yini ne da dare, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye maka kwana uku. Saboda haka ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta duk ranar da ka rasa, kamar mai bin bashi, kar ka dogara da ƙwaƙwalwa. In rashin lafiya ce ka karɓi takardar asibiti ka rubuta wa makaranta a lokacin, ba sai an kafe sunaye ba ka fara yawo ofis ofis.

'Yan mata ku ji wannan da kyau, wata ƙanwata da muka yi tare ta dawo daga biki da jan lalle har kan yatsu, ta tsaya gaban na'ura tana dangwalawa tana gogewa a siket, layi ya taru a bayanta ana ta tsaki. Ku bar yatsan da kuka yi rajista da shi fari tas.

Sai maganar wurin kwana, wadda ita ce rabin atendans a garin nan. In ka samu hostal ka kama da hannu biyu ko da ɗakin bai yi maka ba. Kawu a Agege zai ce zo ka zauna kyauta, Allah ya saka masa, amma ƙarfe 9 ake fara lakca, kuma wanda zai taso daga Agege ko Mile 12 ya hau gadar Third Mainland da safe ya san sallar asuba a hanya zai yi ta, in kuma aka yi ruwan sama gosulo ya haɗu da ambaliya to sai dai haƙuri. Kwana biyar a sati cikin kayan makaranta baƙi da fari a danfo, kafin wata biyu ka rame. In dole sai waje, nemi Obalende, ga 'yan uwa ga abinci irin namu kuma kusa ne.

Kwasakwasai biyar ne, shari'ar laifuka, shari'ar sibil, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, sai ɗa'ar aikin lauya. Kowace rana da nata kwas, ba zaɓi ba ragi, ba wani in ajiye wannan sai baɗi. Biyar ɗin ne ke yaudarar mutane tunda a jami'a mun saba ɗaukar fiye da haka a zango ɗaya, amma nan abin da aka yi yau ba za a koma masa ba, sati mai zuwa sabon babi ne. Kuma akwai aikin gurup da ake bayarwa kafin aji, ana iya kiran sunanka ka tashi da makirfo gaban ɗaruruwan mutane. Dabarar da ta yi min aiki ita ce, abin da aka koyar yau in karanta shi yau ko da awa biyu ne bayan isha'i, Asabar kuma in zauna in yi ta rubuta takardun kotu da hannu har su zauna. Kar ka raina ɗa'a don ka ga kamar sauƙi, mutane na faɗuwa a nan. Ka sayi dokokinka da wuri, dokar kamfanoni CAMA ta 2020, dokar shari'ar laifuka ACJA ta 2015, dokar filaye ta 1978, da ƙa'idojin babbar kotun Legas da ta Abuja, don da su za ka yi ta aiki.

Bayan lakca za a tura ka ataciment, wato koyon aiki a kotu da kuma cemba, ofishin lauyoyi, nan ma ana duba zuwanka kuma akwai logbuk da za ka cike a sa maka hannu, in ka dawo ka kare shi gaban malamai. Ka rubuta kullum da yamma, wanda ya bari sai ƙarshe ya zauna ƙirƙiro shari'o'i tambaya biyu ake masa a gane. Sannan dina, liyafar cin abinci ta makaranta, guda uku, dole ne kafin a kira ka lauya, ka je da wuri cikin kwat ɗinka baƙa a goge, ka ci wani abu kafin ka fita don zaman yana da tsawo.